Duƙar da Mota Don Ado Ba Tare da An Kashe Mata Daɗin Zama Ba

Samarin da ke kawo mini mota a nan Birnin Kebbi don a duƙar da ita, kusan dukansu abu guda ke ci musu rai: filin nan da ke tsakanin saman taya da bakin fenda. Corolla ko Camry da ke yadda kamfani ya ƙero ta, yatsu huɗu za ka zura a wurin, wata ma da saura. Su kuwa sun ga motocin Turai da Japan a TikTok da Instagram, taya ta kusa shigewa cikin bodi, sai ransu ya biya. Ban ga laifinsu ba. Mota idan ta ɗan duƙa ta zauna daram bisa ƙafafunta, kyanta daban ne, ni kaina nakan tsaya in bi ta da kallo. Sana'ata gyaran ƙafar mota ce, kuma abin da nake gaya wa kowa kafin in ɗauki sifana shi ne: a hanyoyinmu na Kabi milimita 25 zuwa 30 ta isa, mafi yawan kuɗin ya tafi ga shakazoba, a kuma bar wa taya namanta. Wanda ya tsaya a nan zai samu adon da yake nema, iyalinsa kuma ba za su ƙi shiga motar ba.

Sai ka san inda daɗin zama yake fitowa kafin ka san abin da za ka taɓa. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota. Shakazoba ita ke kashe lilon da sifirin ke yi bayan an faɗa rami. Gefen taya, wato naman robar da ke tsakanin rim da ƙasa, shi ke haɗiye tsakuwa da tsagewar kwalta tun ba su kai ga ƙarfe ba. Akwai kuma na huɗu da ba a sayarwa a shago, shi ya sa ake mantawa da shi, wato tazarar da taya ke da ita ta yin sama kafin ta kai maƙura. A jikin sandar shakazoba, cikin rigar robar da ke kare ta daga ƙura, akwai wata guntuwar roba mai kauri, galibi ruwan ɗorawa, ita ke tare ƙafar idan ta kai ƙarshe don kada ƙarfe ya daki ƙarfe. Duk milimitar da ka rage wa tsayin mota, daga cikin wannan tazarar ka ciro ta. Wanda ya diro daga katanga yana da sauran gwiwar da zai lanƙwasa, gwiwar ce za ta shanye nauyin. Wanda ya diro a tsugune kuwa, ƙugunsa ne zai sha. Motar da aka duƙar fiye da kima a tsugune take tafiya, tana zaune bisa waccan robar, kowane rami kuma kai tsaye yake isa gadon bayan wanda ke ciki.

Ga kuma cikin motar. Yawancin ƙananan motocin da muke hawa, su Corolla da Civic da Camry da Accord, tsakanin cikinsu da ƙasa santimita 13 zuwa 16 ne tun suna sababbi, don titunan wasu ƙasashe aka yi wa su. Ba banza iyayenmu suka riƙe Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna a da ba. Tsayinta da laushin ƙafarta ne suka sa take shiga ƙauye da damina ta fito lafiya. Mu yanzu abin da dama bai yi yawa ba shi muke son ragewa, don haka dole a yi awo.

Ka kai motar wuri mai siminti shimfiɗaɗɗe, kamar dandamalin gidan mai, da rabin tanki, babu kowa ciki, babu kaya a but. Ka ɗauki tef ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda, a duk ƙafafu huɗun, ka rubuta. Kada ka auna daga ƙasa, don iskar taya za ta ruɗe ka. Wannan awon kan tona abubuwa biyu. Na farko, motar 2005 ko 2008 ta daɗe tana ɗaukar kaya, sifirin ɗinta ya riga ya gaji ya zauna, musamman na baya. Lambar da ke jikin kwalin sifirin ɗin duƙarwa kuwa da tsayin sabuwar mota aka lissafa ta, saboda haka wanda aka rubuta zai sauke 30 yana iya sauke taka 15 kawai, ko ya sauke gaba ya bar baya yadda yake. Idan dama da hagu sun bambanta da fiye da santimita guda, akwai abin da ya karye ko ya lanƙwashe, shi za a fara gyarawa. Na biyu kuma ya fi daɗin ji: motoci da yawa da suka yi hannu biyu ko uku a ƙasar nan, wani mai ita na baya ya sa an ɗaga ta, an cusa roba mai kauri ko zoben ƙarfe a saman shakazoba, ko an sa mata sifirin ɗin wata motar da ta fi ta nauyi. Na sha cire irin wannan ciko kawai, motar ta dawo tsayinta na asali, mai ita ya zagaya ta ya ce haka yake so, bai sayi komai ba.

Daga nan sai ka leƙa ƙasa ka nemo abin da ya fi kusa da ƙasa. A wata motar kaskon baƙin mai ne da ke ƙarƙashin inji, a wata ƙarfen da inji ke zaune a kai, a wata kuma tukunyar salansa ta tsakiya. Ka auna shi. Ni dai ba na barin mota ta fita daga hannuna wannan wurin ya gaza santimita 11 tana fanko. Idan awonka ya nuna 13 tun kafin a taɓa ta, ka haƙura da sifirin, ka nemi adon wajen rim. Sai kuma tazarar da na faɗa. Ka ɗaga rigar shakazoba, ka ɗaura 'yar igiyar robar nan da masu wayarin ke ɗaure waya da ita a jikin sandar, ka tura ta ƙasa ta zauna a bakin shakazobar, ka yi zirga-zirgarka ta yini guda yadda ka saba. Da yamma ka duba inda igiyar ta hau. Idan ta riga ta kai jikin robar ƙarshe alhali motar na tsayinta na kamfani, to hanyoyin da kake bi sun cinye tazarar duka, ba sauran abin da za ka rage.

Ka kuma yi wa kanka adalci game da inda motar ke zuwa. Wanda harkarsa daga Gesse zuwa ofis ce, sai Jega ko Argungu jefi-jefi bisa kwalta, daban yake da wanda duk Juma'a sai ya sauka daga titi ya bi burji da rairayi zuwa gaida tsofaffi, ko wanda ke dawowa daga Aliero da buhunan albasa a but. Ka tsaya ka dubi gangaren ƙofar gidanka da kwalbatin layinku da tudun rage gudu mafi tsayi a hanyar aikinka. Tsawon mota ma yana da tasiri. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Corolla ta 2003 zuwa 2013 milimita 2600 ne, a Accord ta 2003 zuwa 2007 kuwa 2740, a Camry ta 2007 zuwa 2011 har 2775. Doguwar mota cikinta ya fi saurin gogar tudu, ko da tsayinsu daga ƙasa ɗaya ne da gajerar.

Yanzu ga hanyar da aka fi bi a gari, wadda nake roƙon kowa ya bari: yanke sifirin da injin yankan ƙarfe, ko gasa shi da wutar walda har ya zauna. Yankan yana da lissafi. Ƙarfin sifirin yana bin yawan zagayen da ke aiki a jikinsa, idan zagayen ya ragu tauri ya ƙaru. Mai zagaye 6 da aka cire wa guda, taurinsa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, ga shi kuma ya gajarce, wato an haɗa maka tauri da rashin tazara lokaci guda. Bakin sifirin an naɗe shi ne daidai da mazauninsa, da an yanke ba ya ƙara zama daram, sai ƙara da goga. Mafi muni, idan taya ta zurma rami ƙafar ta miƙe gaba ɗaya, guntun sifirin yana iya barin mazauninsa ya karkace, ya yanki taya ko tiyon birki ana cikin gudu. Gashi da wuta ya fi wannan sharri. Ƙarfen sifirin an dafa shi ne a kamfani da zafi na awo, wutar walda kuwa kashe shi take yi. Wurin da aka gasa zai ci gaba da zama a hankali, ƙafafun huɗu ba za su taɓa yin daidai ba, wata rana kuma ya ɓalle ba sallama.

Wani yaro ya taɓa kawo mini Accord da aka yi wa haka. Tun daga yadda ta shigo gareji tana tsalle na gane. Ya ce, "Oga, tun da anka duƙe wagga mota, Inna ta ce ba ta ƙara shiga, wai bayanta ka ciwo." Na ce, "Ƙanena, mi anka yi mata?" Ya ce wuta aka sa wa sifirin, cikin awa guda aka gama. Da muka kwance, robar ƙarshe ta gaba ta niƙe ta zama gari, shakazoba biyu sun zubar da mai, cikin tayoyin gaba ya cinye har waya ta fito alhali wajensu kamar sabo. Abin da ya kashe wajen mayar da ita hayyacinta ya ninka kuɗin sifirin na kirki. Araha ba ta ado. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da wannan tayar ya yi niyyar kai mahaifiyarsa Sakkwato.

Hanyar da ta dace da yawancin mutane ita ce sifirin ɗin da aka ƙera musamman don duƙarwa. Kamfanonin da aka sani da shi akwai Eibach da H&R na Jamus, da Tein na Japan. Kowanne yana da mai sauƙi da mai tsanani. Kai mai sauƙin za ka nema, kamar Pro-Kit na Eibach ko High Tech na Tein, ka kuma duba adadin da aka rubuta wa motarka takamaimai, don sifiri iri ɗaya yana sauke wata mota 25 ya sauke wata 40. Idan ka riƙe irin wannan sifirin za ka ga zagayensa a matse a gefe guda, a buɗe a ɗaya gefen. Hikimar ita ce ya yi laushi a ƙananan gargada, ya ƙara tauri idan an danne shi sosai, don kada ƙafar ta riƙa kai wa maƙura. Ka bai wa mai sayarwa shekarar motar da girman injinta da ƙasar da aka yi wa ita, don Camry mai silinda 4 da mai V6 nauyin gabansu ba ɗaya ba ne, kuma Corolla ƙirar Amurka daban take da ƙirar Turai. Ba kasafai ake samun kayan nan a shagunan garin nan ba, sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, ko a yi oda ta intanet. Kafin ka tura kuɗi, a turo maka hoton lambar da ke buge a jikin sifirin ka gwada ta da wadda ke shafin kamfanin, da hoton bakunansa biyu. Na ga sifirin ɗin kamfani da aka yanke aka fesa wa jan fenti aka sayar a matsayin na duƙarwa. Bakin da injin yanka ya ci ba ya ɓuya ga wanda ya duba.

Shakazoba ce wurin da ake yin rowa, kuma nan ne daɗin yake. Mutum ya sayi sifiri mai tsada ya ɗora bisa shakazobar da ta zo da motar tun daga Kwatano, bayan wata guda ya dawo yana cewa sifirin ba shi da kyau. Sabon sifirin ya fi tsohon ƙarfi, idan aka danne shi da ƙarfi yake dawowa, gajiyayyar shakazoba ba ta iya riƙe shi. Sai ka ga mota ta wuce tudu tana ta lilo sau uku sau huɗu, wanda ke baya zuciyarsa na tashi. Mutane na ɗauka taurin mota ne kaɗai ke gajiyar da jiki, alhali wannan lilon ya fi wahalarwa a doguwar tafiya irin ta Yauri ko Zuru. Don haka ranar da za a sa sifirin, ranar za a sa sabuwar shakazoba, duka huɗu in da hali, in babu to biyun gaba tare ko biyun baya tare, kada a taɓa canza ɗaya a bar 'yar'uwarta. Idan abin da aka sauke bai wuce 30 ba, sabuwa mai kyau irin ta kamfani, kamar KYB ta asali, tana ɗauka, kuma ita ta fi laushi. Idan ya doshi 40, sai wadda aka gajarta don wannan aikin, kamar Bilstein B8, ita kuwa ta fi tauri kuma ta fi tsada, wanda shi ma dalili ne na tsayawa a 30. Jabu sun yi yawa a cikin kwalayen manyan kamfanoni, ka sayi a hannun wanda za ka iya komawa wurinsa. Ta tokumbo kuwa, danna ta da hannu a bakin shago ba ya nuna lafiyarta, don nauyin hannunka ba ya kama ƙafar nauyin mota. Tunda an riga an kwance, a duba mazaunin sama da boris ɗinsa, a sa sabuwar rigar ƙura. Ƙurar hunturu idan ta samu sandar a buɗe, ita ke cinye robar bakin shakazoba har mai ya fara tsiyaya.

Robar ƙarshen nan kada a cire ta. Wasu na jefar da ita don su samu tazara, ranar da aka faɗa babban rami kuwa shakazobar ce za ta fashe daga ciki. Idan takardar sifirin ta ce a rage mata tsawo, a rage daidai abin da aka ce. Wasu kuma da tasu gajeriya suke zuwa.

Akwai wadda ake haɗa sifiri da shakazoba wuri guda da zare a jiki, ana murɗawa mota ta hau ko ta sauka, wato koyiloba. Amfaninta a wurinmu a fili yake: ka sauke da rani, ka ɗaga da damina. Ta kirki irin ta KW ko Tein ko BC Racing tana da tsada ƙwarai, masu arahar kuma yawanci don filin tsere aka kwaikwayo su, taurinsu ba ya zaunuwa a titinmu. Wanda zai saya ya nemi mai mazaunin sama na roba, don mai ƙwallon ƙarfe duk ƙarar titi cikin mota yake kawo ta. Ya nemi wadda ake rage tsayinta daga gindi ba tare da an taɓa sifirin ba, ita ce ba ta cin tazara. Idan tana da maɓallin tauri, a fara daga kusa da mafi laushi, a riƙa ƙara danni biyu-biyu har lilo ya ɗauke, a tsaya nan. Zaren kuma a riƙa wanke shi ana rufewa, in ba haka ba ƙura da ruwa za su kafe shi ya ƙi murɗuwa. Duk lokacin da aka canza tsayi, sai an sake alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi.

Ƙafa mai aiki da iska, mai jaka da kwamfuresa a madadin sifirin, ita ta fi kowacce ba da abin da ake so, amma ba na ba kowa shawararta a nan. Jaka ta fashe maka tsakanin Koko da Yauri, motar ta kwanta bisa tayoyinta, ba shagon da za ka samu madadinta.

Sai taya da rim, inda mutane da yawa ke ɓata abin da suka gyara. Ka dubi rubutun da ke gefen tayarka, misali 195/65 R15 da ke kan Corolla da yawa. Faɗinta milimita 195, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na faɗin, wato kusan milimita 127, rim kuma inci 15. Idan ka koma rim 16 da taya 205/55, naman ya koma 113. Rim 17 da 215/45, ya koma 97. Rim 18 da 225/40, saura 90. Tsayin wilin gaba ɗaya kuwa kusan ɗaya ne a duka huɗun, tsakanin milimita 625 da 637, kuma haka ya kamata, don kada agogon gudu ya yi ƙarya, kada kuma giya da ABS, na'urar da ke hana taya kamewa idan an taka birki, su rikice. Ka lura da abin da wannan ke nufi: babban rim ba ya rufe filin da ke tsakanin taya da fenda ko kaɗan, ƙarfe kawai ya ƙaru roba ta ragu. Wanda ya tashi daga 15 zuwa 18 ya zubar da milimita 37 na matashin da ke tsakaninsa da titi, fiye da abin da sifirin ya rage. Ga shi rim babba ya fi nauyi, musamman masu arahar nan masu ƙyalli, ƙafa mai nauyi kuma ba ta bin gargada da sauri, dukan titi take yi. Ramin da taya mai nama za ta shanye, siririya kumburi za ta yi a gefe ko rim ɗin ya lotse. A ganina Corolla da Civic su tsaya a 16. Camry ta tsaya a 17 da taya 215/55, wadda kamfanin da kansa ya sa wa wasu daga cikinsu, namanta milimita 118.

Abin da ke sa mota ta cika ido shi ne wilin ya ɗan matso waje ya daidaita da bakin fenda. A bayan kowane rim akwai lamba bayan haruffan ET. Idan lambar ta ragu, rim ya ƙara fitowa waje. Ka duba ta rim ɗinka na asali, ka nemi wanda bai gaza ta da fiye da 10 ba. Ya wuce haka, taya za ta riƙa gogar fenda idan an ɗauki mutane, boris ɗin wili kuma ya riƙa mutuwa da wuri. Ramukan noti su ma a duba: Corolla ƙirar Amurka ta 2003 zuwa 2013 5x100 ce, wato ramuka 5 a da'irar milimita 100, Camry da Accord 5x114.3. Kada ka yarda a faɗaɗa rami don rim ya shiga dole.

Iskar taya kyauta ce, amma ita ke ɓata wa mutane da yawa mota. Masu faci da dama 45 ko 50 a ma'aunin PSI suke ɗurawa kowace taya. Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takardar da kamfani ya rubuta adadin, a irin motocin nan wajen 30 zuwa 33 ne. Ka sayi gejinka ka ajiye a mota, ka riƙa aunawa da safe kafin taya ta yi zafi. Kada kuma ka rage ƙasa da adadin don neman laushi. Taya mai ƙarancin iska zafi take tarawa, ga kwaltar watan Maris da Afrilu lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, nan ake samun fashewa.

Ranar aiki ka tsaya a wurin. Sifirin ɗin gaba a matse yake da ƙarfin da zai iya karya muƙamuƙin mutum, da abin matse sifiri na ƙarfe ake kwance shi. Idan ka ga ana shirin ɗaure shi da igiya ko waya, ko a sa yaron gareji ya taka a kwance noti, ka hana, ɗan wani ne. Motar ta zauna bisa ƙarafan tokare, kada a shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Bakin sifirin ya faɗa daidai gurbinsa sama da ƙasa, da robobinsa. Kada a kama sandar shakazoba da filaya, ƙarzuwa kaɗan ta isa ta sa ta yoyo. Wayar ABS da tiyon birki su koma maƙalansu. Sai abin da kanikawa da yawa ke tsallakewa: notunan da suka ratsa bushin na roba ba a ɗaure su tamau mota na rataye. Sai an sauke ta nauyinta ya zauna bisa tayoyi, sannan a ƙarasa ɗaurewa. Idan aka ɗaure a sama, robar a murɗe za ta zauna kullum, motar ta yi tauri, ta ƙi sauka yadda ya kamata, bushin ɗin kuma ya yage cikin 'yan watanni.

Bayan an gama, ka yi tafiya a hankali na mako guda zuwa biyu sifirin ya zauna, ka sake awon nan na ƙafafu huɗu, sannan ka je alaimen na kwamfuta. Wannan ba zaɓi ba ne. Duƙarwa na sa saman taya ya karkata ciki, tana kuma canza inda bakin tayoyin ke fuskanta, na biyun nan shi ke cinye taya cikin ƙanƙanin lokaci. A Corolla da Camry akwai noti na musamman da ake sa wa gindin shakazobar gaba a dawo da karkatar. Bayan Corolla ta 2003 zuwa 2013 ƙarfe guda ne ya haɗa ƙafafun biyu, karkatarsa ba ta cika canzawa ba. Bayan Accord da Civic kuwa yana karkata sosai, wani lokaci sai an sa hannu mai zare kafin ya daidaita. Ka ce a mayar da lambobin cikin iyakar kamfani, a kuma ba ka takardar ko ka ɗauki hoton allon. Karkatacciyar tayar da kake gani a hotuna, masu ita ba sa bin hanyar Kamba da ita.

Masu tsofaffin motoci marasa ABS, irin wasu Golf 3 da Peugeot, su kula da wani bawul da ke ƙafar baya mai auna nauyin kaya. Idan mota ta duƙa, ɗauka yake an yi lodi, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, baya ya riƙa kamewa yana jan mota gefe. Dole a sake saita shi. Fitilun gaba ma a haska su a bango da dare a gyara, don sau da yawa gaba da baya ba sa sauka daidai.

Gwajin gaskiya ba kai kaɗai a mota ake yinsa ba. Ka ɗauki manya uku a baya, ka sa buhun shinkafa mai kilo 50 a but, ka bi hanyar da ka saba. Ka kashe rediyo ka saurara: gogar taya a fenda, dukan ƙarfe a rami, ƙarzar ciki a tudu. Ka juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu kana tafiya a hankali. Ka tambayi na baya yadda suka ji, don kujerar direba ita ta fi ko'ina daɗi, ba ta faɗa maka gaskiya. Idan ana jin duka a ƙananan ramuka, tazara ce ta ƙare. Idan lilo ne, shakazoba ce. Idan kuwa kowace tsakuwa kana jin ta a sitiyari, ka koma ga iska da naman taya.

Tuƙin ma sai ya ɗan canza. Ka taka birki kafin tudu, ka saki kafin taya ta hau, don birki na danne gaban mota ya cinye sauran tazarar. Tudu mai tsayi da gangaren ƙofar gida a karkace ake hawansu, taya ɗaya bayan ɗaya. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, ruwan da ya kwanta a layi wanda ba ka ganin ƙasansa ka kewaye shi, don bakin da inji ke shaƙar iska shi ma ya sauko tare da motar. Idan cikin ya daki wani abu da ƙarfi, ka tsaya nan take ka leƙa, in ka ga baƙin mai na ɗiga ka kashe inji.

Bayan kilomita 100 na farko a sake bin notunan wili. Duk wata ka juya sitiyari ka shafa cikin tayar gaba da hannu, in ka ji ya fi waje cinyewa ko ya yi kaifi-kaifi, ka koma alaimen tun tayar na da sauran rai. Tsofaffin sifirin ɗinka kuma kada ka bar wa 'yan gwangwan. Ka rubuta wa kowanne gaba ko baya, dama ko hagu, ka ɗaure su ka ajiye inda ruwa ba ya taɓawa. Masu sayen mota a kasuwar nan mai tsayi daga ƙasa suke nema, ranar da za ka sayar za ka buƙace su.